Ranar da Na Jera Ruwan Sama

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da ranar da na sa ruwan sama a layi.

Bari in fara daga farko, don ba na son labari a hargitse. Ni ne akawun wata ƙungiyar manoma da ke da ofis kusa da Ƙofar Dawanau. Karatuna bai yi nisa ba, amma na iya kwamfuta daidai gwargwado, kuma ina son tsari. A gidana na Soron Ɗinki ko takalman yara daga ƙarami zuwa babba ake jera su.

Gab da damina aka turo mana wata matashiya mai binciken noma, Malama Rabi. Tana da manhaja wadda ake ba ta alƙaluman ruwan da aka yi a shekarun baya, ita kuma ta ƙirƙiro daminu masu kama da na gaske: yau ruwa, gobe babu, jibi yayyafi. Da waɗannan daminun ake gwada irin gero a kwamfuta, a ga wanda zai jure. Da sakamakon ne manomanmu za su zaɓi irin da za su shuka a shekarar.

Ana gobe taro ta ce, "Malam, don Allah kwafe mini alƙaluman daminun nan a kwamfutar ofis."

Kwafewa kawai ta ce. Amma da na buɗe sai raina ya ɓaci. Sifili, arba'in, sifili, uku. Babu kai babu gindi! Na ce a raina yaran zamani akwai ilimi, babu tsari. Na danna inda ake jerawa, alƙaluma suka bi layi daga ƙarami zuwa babba. Sannan na adana a kan na asalin, nata da na ofis duka, don kada mai hargitsin ya ruɗa ta. (Har ina jiran a gode mini.)

Washegari manoma suka cika ofis, shugabanmu Alhaji Sule yana gaba. Malama ta kunna majigi, ta sa gwajin. Iri na farko ya mutu. Na biyu ya mutu. Har wanda kowa ya san shi da jure fari ya bushe tun bai kai gwiwa ba.

Wani dattijo, Baba Ɗanjuma, ya ƙura wa zanen ruwan ido ya ce, "'Yata, wannan daminar a wace ƙasa ake yin ta? Tun shuka ba ɗigo, sai lokacin girbi a sako mana ruwan Ɗufana?"

Aka fashe da dariya. Malama ta yi ta danne-danne. Alhaji Sule ya tsuke fuska ya ce, "Malama, mutanen nan kuɗin mota suka kashe. In abin wasan yara ne, mu sallame su kowa ya shuka abin da ya saba."

Nan na ga aikin yarinya da mutuncinta za su tafi a kan gyarana. Na miƙe, gumi har cikin hula.

"Alhaji, ni ne. Na ga ruwan a hargitse, na jera shi."

"Ka jera me?"

"Ruwan. Daga ƙarami zuwa babba."

Baba Ɗanjuma ya yi dariya har da riƙe ciki. "Malam Akawu, Allah Ya sa ba kai ke rabon damina ba!"

Malama ta tambaye ni a hankali ina na asalin. Na ce na rufe shi da nawa. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci. Sai na ji ta ce, "Alhamdu lillahi, in dai wannan ne da sauƙi." Ashe manhajar tana da lambar da take farawa da ita, in ka sake ba ta wannan lambar, daminun da ta ƙirƙira za su dawo sak yadda suke. Kafin a gama raba ruwan sha, hargitsin nan ya dawo kan allo, gero ya miƙe, manoma suka shiga gardamar iri.

Ban taɓa ganin hargitsi ya yi mini kyau kamar na ranar ba.

Har yau in hadari ya haɗu, 'yan ofis sai su leƙo su ce, "Malam, ga shi nan tafe, a wane layi zai tsaya?" Takalman yara dai ina nan ina jerawa, amma abin da ya sauko daga sama, ko na kwamfuta ne, na bar shi yadda ya zo.