Na Ukun da Malam Barau Ya Karanta

Wani mutum ne a Azare, ana ce masa Malam Barau. In aka tayar da zancen littattafan zamani, sai ya gyara zaman gilashinsa kamar shi aka kira. A majalisar masu karatu da ke haɗuwa ƙofar shagon littattafai na bakin tasha, ba a taɓa ambaton littafin da ya ce bai sani ba. Wai karatu ne ma ya cinye masa ido.

Gaskiyar maganar kuwa, da kunne yake karatu. Matarsa Lantana ce ke bin littafi shafi-shafi. In ya zauna cin tuwo ta zuba masa labarin, shi kuma ya kwashe da zafinsa ya kai majalisa, har da ƙarin gishiri. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ana nan sai aka ce Malama Zinatu ta gidan rediyon garin tana neman wanda zai riƙa ba masu sauraro shawarar littafin da za su karanta duk mako. Ranar Asabar za ta zo majalisa, kowa ya faɗi gwaninsa, ta zaɓi mutum guda. Barau ya kai babbar rigarsa guga. A ransa har ya fara jin muryarsa na fita daga shagon kowane mai shayi.

Littafin da ake yayi lokacin shi ne Makullin Gidan Sambo, labarin 'yan'uwa da ke rigima kan wani ɗaki da mahaifinsu ya mutu ya bari a kulle. Na biyunsa ya ƙare daidai inda aka zura makulli a ƙofa. Barau ya lissafa cewa wanda ya zo da ƙarshen labarin, shi ya ci kasuwa.

Da safiyar Asabar yana zaure da wani maƙwabci, murya a sama. "Mata ai hoton bangon littafi suke kallo. Zurfin adabi sai mu." Lantana na shara a tsakar gida, ta ji sarai.

Ya shigo yana shafa gemu. "Lantana, ba ni na uku."

"Na uku?"

"Kada ki ja min rai. Na san littafi ba ya wuce ki."

Ta dube shi. Ta jingine tsintsiya. "To, Malam, gyara zama."

Da la'asar majalisa ta cika. Isyaku tela ya yabi wani littafi kan ungozomar ƙauye, ya ce ya sa shi kuka a kan keken ɗinki. Malam Tukur ya kawo na direbobin hanyar Legas, ya ce duk wanda ya karanta ba zai ƙara zagin direba ba. Barau na ta kaɗa ƙafa. Da aka zo kansa ya miƙe tsaye, ya yi gyaran murya.

"Ni nawa Makullin Gidan Sambo ne. Amma wanda bai karanta na uku ba, bai karanta komai ba."

Isyaku ya kalli Tukur, Tukur ya kalli ƙasa.

"Ikon Allah," in ji Tukur a hankali. "To, me aka samu a ɗakin, Malam?"

"Ƙyal! Makulli ya juya. Ƙofa ta ce ƙiiii. Ba zinariya, ba takardar fili. Wani ƙaton aku ne zaune kan kujerar marigayin!"

"Aku?" in ji Isyaku.

"Aku! Ashe duk hikimar da mutanen gari ke ɗauka ta marigayin ce, uwargidan ce ke faɗa ta taga, akun ya haddace. Kun ga zurfi? Wannan fa ba kowa ne zai gane ba."

Kafaɗun Isyaku suka fara rawa. Tukur ya cusa hula a baki. Barau ya ɗauka daɗin labari ne, ya ƙara wuta, har da kwaikwayon tafiyar akun.

Malama Zinatu ta bari ya kai aya, sannan ta ce, "Malam Barau, a ina ka sami na ukun? Mu nan wata da watanni muke jira. Jiya ma na yi waya da marubuciyar, ta ce ba ta gama rubuta shi ba."

Kafin hankalin Barau ya dawo, baki ya riga shi.

"Bai fito ba? Amma wallahi Lantana ta ce..."

Majalisa ta fashe. Isyaku ya zame daga benci, rim!

"Allah sarki," in ji Malama Zinatu tana share hawayen dariya. "Ashe mai shirin namu tana gida. Ranar Litinin ka rako mana ita, Malam. Akwai benci a ƙofar ɗakin watsa shiri, kana iya saurare daga nan."