Hoton da Ya Tona Asirin Wuyana

Ba zan taɓa mantawa ba da hoton da aka ɗauke mu ranar samun 'yancin kai, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bagudo.

A shekarun nan jikina ya buɗe. Tumbi ya fito, wuya ya cika, har ana ce mini Alhaji alhali ko Sakkwato ban taɓa wucewa ba. Ni kuwa daɗi nake ji, a zatona hutu ne. Kullum ina cikin wani lallausan nauyi, kamar na kwanta a kwalekwale ruwa yana jana a hankali. Ana tsakar zafi ni ina jin sanyi. Ina rubutu a allo sai in tsinci kaina a bakin kogin Kwara ina kallon shinkafa tana rausaya (sau biyu ajin ya tashe ni da tarin ƙarya).

Matata takan ce, "Malam, barcinga naka ba na lahiya ba ne." Sai in ce mata manya haka suke.

Da biki ya matso, hedimasta ya ce ni zan riƙe igiyar sabuwar tuta, tunda na fi kowa cika ido. Aka kirawo mai hoto daga Dahomey ta garin Dole Kaina. Hoto ɗaya tak zai ɗauka, a rataye a ofis har jikoki su gani. Wallahi ba abin da nake so a duniya kamar in fito da kyau a hoton nan. Na ajiye rawanin da kullum ke rufe mini haɓa, na sa kwat ta aro, wai ni ɗan zamani. Maɓallin wuya ya ƙi shiga, na bar shi buɗe.

Mutumin ya kafa akwatinsa mai ƙafa uku, ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle, ya ce kada kowa ya motsa. Ya daɗe a ciki. Hantsi yana ɗumama bayana, kiɗa yana tashi nesa-nesa. Sai ga ni cikin kwalekwalena, jama'a a gaɓa biyu suna ɗaga mini hannu.

Bayan mako hoto ya iso. Kowa ya tsaya ƙyam, ido buɗe. Ni a tsakiya, kai ya langaɓe, baki sake, igiya ta sulale, tuta ta tsaya a rabin sanda. A ƙarƙashin haɓata kuma ga wani ƙullutu kamar na haɗiyi goruba. Malamai suka yi dariya har da hawaye, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Disfensan garinmu mai ba da magani, wani dattijo Bayarabe, shi kaɗai bai dara ba. Ya ɗora yatsa a hoton ya ce, "Malam, wannan ba ƙiba ba ce, maƙoƙo ne. Haɗiye yawu in gani." Na haɗiye, abin ya hau ya sauka a gaban kowa. Washegari ya auna jinina ya ga ya hau, ya gwada fitsari ya ga suga. Ya ce maƙoƙon ne ke sa ni barci, sugan kuwa shi da tumbin nan sukan tafi tare, ya rubuta mini takarda zuwa asibiti.

Na sha magani, a hankali na farka. Hoton kuwa ba a sake shi ba, kuma jikokin sun gani. Abin da na koya dai shi ne, in matarka ta ce barcinka ba na lafiya ba ne, ka je wurin likita tun kafin a kirawo mai hoto.