Ranar da Na Maye Gurbin Buhun Yashi

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na raka Daraktanmu filin jirgin sama na Lafiya. Ofishinmu ya ɗauko hayar wani ɗan ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, don a duba gonakin da ruwa ya cinye wajen Arikya. Ni aikina riƙon jaka ne kawai, amma neman suna ya hana ni tsayawa inda aka ajiye ni.

Da na buɗe bayan jirgin zan saka jakar Oga, sai ga buhuna biyu na yashi ɗaure da igiya. Na ce lallai wasu leburori sun yi sakaci. Na kwance su, na juye a wani kududdufi (har da karkaɗe buhunan, saboda Allah ya yi ni da tsafta).

Matuƙiyar jirgin, wata mata marar yawan magana, ta zo ta leƙa.

"Ina yashina?"

"Na zubar, Madam," na ce, ina jiran godiya.

A gaban kowa ta yi bayani. Darakta zai zauna gaba, nauyinsa zai rinjayi hancin jirgin, yashin da ta auna shi ke daidaita bayan. Babu shi, babu tashi. (Oga ya haura kilo ɗari. Duk ofis an sani, ba mai faɗa.)

Oga ya juyo kaina. "Wa ya aike ka? Idan jirgin nan bai tashi ba, Litinin za ka ga taransifarka."

Ina da mata da 'ya'ya uku a makaranta a unguwar Bukan Sidi.

Madam ta dube ni sama da ƙasa, ta jawo sikeli. Kilo hamsin da huɗu. Ta yi lissafi a takarda, ta ce, "Zai yi. Shiga kujerar baya, kada ka motsa."

Awa ɗaya da rabi na yi a ɗaure, ko atishawa ban yi ba.

Tun daga ranar, Buhu ake kirana a ofis, har da masinja. Su kira mana. Ban ba kowa haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba. Wa ya rubuta a jikin buhun cewa yashin yana bakin aiki? Masu dariyar nan, iyakar abin da suka taɓa hawa shi ne benen sakatariya. Ni kuwa na ga Lafiya daga sama.

Abu ɗaya dai na koya: in ka ga an ɗaure abu a wurin aikin wani, tambaya kafin ka kwance, sai fa in ka shirya a ɗaure ka a madadinsa.