Ganuwar da Na Gano a Hanyar Safana

Shekarar da buhun gero ya fi albashina tsada aka tura ni koyarwa Batsari, ba iyali, ba abokin hira. Ni da na rantse sai na ga dalar Fir'auna a Masar, ko kuɗin motar Katsina babu.

Rannan a hanyar Safana na ɗauki hoton wani kango. Don a san da ni, na daddage a teburin mai shayi: "Ganuwar shekara dubu ce, duniya za ta zo kallo!"

Wani dattijo ya karɓi wayar, ya daɗe yana dubawa. "Malam, ɗakina ne. Bara 'yan bindiga suka tashe mu. Ashe ƙofar tana nan."

Har yau, in katanga ta faɗi, sai a aiko mini: "Malam, taho da waya, Masar ta iso."