Sabuwar Salansar Jikan Kaka

"Lafiya lau, angon wahala. Ya mai tarin nan naka?"

Haka Kaka, maƙwabciyata, ta amsa gaisuwar jikanta Gajere, tana nuna baburinsa da sanda. Sai da ya kai baki kunnenta ya gaishe ta sau biyu, don kunnen ya yi nauyi. Ni ina zaune a bakin ƙofa. Ni na kawo ƙara, dole in ga ƙarshenta.

Sati biyu ke nan da Gajere ya kai babur wurin bakanike. Aka sa babban fistin, aka canja haƙoran sarƙa, aka ɗaura wata salansa mai baki kamar mazurari. Tun ranar in ya shigo layi jarirai su farka, kajina su haye katanga. A zauren Kaka yake ajiye shi. In ta hana, sai titi, inda aka sace babura biyu bana.

"Tari kuma, amarya? Wannan a giya huɗu mota ma kallon bayansa take."

"A miƙaƙƙen titi ba. Shekaranjiya a hawan asibiti wa ya sauka ya tura?"

Gajere ya ce don gudu aka gyara haƙoran, ba don dakon tsofaffin ƙasusuwa ba, kuma nauyin shekarunta ne ya danne taya. Ta ce ita da iska ke ɗauka in ta shanya zane, kansa ne ya yi wa babur yawa, tun yana jariri da hannu biyu ake tallafe shi. Ya ce zai sake ta ya auro mai haƙora. Ta ce ya fara samo wadda za ta yarda ta tura.

Can ta gyara zama ta ce maƙwabta sun kawo kuka, ta dube ni. Na dubi silifas ɗina.

Fuskar Gajere ta canja. Ya kwance tsohuwar salansar da ya ɗauro a bayan babur, ya ce yau zai mayar, ita dai ta bar masa zauren.

"Ka ce me?"

Ya maimaita da ƙarfi.

Ta fizge salansar ta tokare ƙofa da ita. "Ka mayar in ci gidanku."

"Gidan ai naki ne."

"Shekara biyar ba na jin sallamarka. Kullum in ka fita kan abin nan sai in yi ta leƙen ƙofa har wuyana ya ƙage. Yanzu tun daga kwanar famfo nake jin ka, in ce ga maras kunya can ya dawo da ƙafafunsa biyu. Haƙoran dai ka gyara."

Gajere ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ta ci nasara, ya fasa sakin.

Ta kwance bakin zane, ta miƙa masa makullin zaure. Na yi gyaran murya na ce to, kajina fa? Ta ƙara laluba ƙullin ta ciro ɗan curin auduga ta ɗora mini a tafi.

"Ungo, maƙwabci. Ka raba da su."