Wakilin Kofur Japhet

"Daga yau ni ne Japhet, Japhet ni ne! Wanda bai yarda ba ya tambayi gwamnati!"

Ishaya ke nan a tsakiyar kasuwar Zuru, yana kaɗa takarda sama. Kai dai ba ka san Ishaya ba. Ko tsintsiya ya ɗaga sai ya zauna ya huta, amma baki kamar rediyo mai sabon batir. Ƙanensa Japhet soja ne, an tura shi kudu bayan yaƙi. Kafin ya tafi ya sa hannu a takardar wakilci: dukiyarsa, kuɗinsa, har maganar asibiti in ciwo ya kwantar da shi, duk Ishaya ne mai cewa a yi ko a bari. Da Anselm mai tafireta ya tambayi wata nawa zai rubuta, sai gogan naka Ishaya ya buga tebur.

"Wata? Rubuta komai da komai, har abada abadin!"

Ba komai yake hange ba sai keken Japhet, sabo ful, da ƙararrawa da madubi. Aka ce ai keken yana ƙauyen Manga, wurin Baba Philip, uban Saloma budurwar Japhet. Ishaya ya zura takalmin zuwa coci ya taka har can.

Tsohon ya sa aka karanta masa takardar, ya washe baki.

"Awo, kai ne Japhet yanzu? Madalla! Yaron nan ya tafi soja da golmo a wuyansa, keken nan jingina ya bari. Ga fartanya."

Golmo, in ba ka sani ba, noman shekaru ne da saurayi ke yi wa suruki don a ba shi mata.

"Baba, ni wakilin dukiya ne!"

"An ce komai da komai, ɗana. Ko gwamnati ƙarya take?"

To, wanda ya gama shelar gwamnati a kasuwa, da wane baki zai ƙaryata ta? Sarkin lalaci ya duƙa. Yana noma yana leƙen keke a rumfa, har bayansa ya ƙage. Ya ja jiki zuwa asibiti, ya shimfiɗa wa Sista Monica takarda.

"Ni ne mai zaɓa wa Kofur magani. Allurar sojoji za a yi masa, mafi girma!"

"Ina Kofur ɗin?"

"Ga ni gabanki."

"To, sauke wando, Kofur."

Ihun da ya kurma, har mahauta sun ji.

Da kaka sai ga Japhet ya zo hutu, ya yi ɓul-ɓul. Baba Philip ya ce a ɗaura aure, shi kam ya gamsu. Ana fitowa daga coci ango ya ɗora Saloma a keke, ya kaɗa ƙararrawa.

"Kai! Kekena!" Ishaya ya biyo su yana ɗingishi.

"Yaya, wakili ai sai in ba na nan. Ga ni kuwa, kuma da shi zan koma bariki."

Ran Ishaya ya ɓaci, ya yayyaga takardar ya watsar gaban jama'a. Baba Philip bai ko motsa ba. Ya laluba aljihu ya zaro kwafin da Anselm ya buga masa.

"Golmo bai ƙare ba, ɗana, da sauran damuna a gaba. Monica, karanta muna, har yaushe wakilcin nan?"

"Har abada abadin."

Mutanen coci kuwa, ka san su da sabo, baki ɗaya suka amsa: "Amin!"