Ranar da Na Ɗauko Ɗiyar Mutane Daga Baleyara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na saci ɗiyar mutane ido na ganin ido, a cikin motar gwamnati, sanye da farar rigar aiki. Har yau abin yana raina, ko da yake jikokina sun mai da shi tatsuniya.

Lokacin ina aiki a asibitin Filingue. Ina cikin 'yan mata na farko-farko da aka sa lakwal, wato makarantar boko, muka fito aiki bayan an samu 'yancin kai, saboda haka kan nan nawa a kumbure yake. Ana ce mini Madam, ni ma ina ce wa kaina Madam. Sai ga wannan babban farin ya sauko mana, damina ta ƙi, gero ya ƙone tun yana tsaye, mutanen arewa suka riƙa gangarowa da 'ya'yansu da ragowar awakinsu. Ƙyanda kuma ta shigo cikin yara. Mu huɗu ne kacal a wurin aikin, sai in fita gida ana kiran assalatu, ba na komowa sai kaji sun shiga akurki.

Ina da ɗiya ta fari mai sunan uwar mijina. Sunan tsohuwar Rabi, to kun san baki ba ya faɗar sunan suruka, sai muke ce wa yarinyar Inna ƙarama. Ga kuma kunyar 'yar fari a kai: ba na kiranta a gaban mutane, ba na ɗaukarta, ba na tsayawa ina kallonta. (Gaskiya kunyar nan ta yi mini rana, don duk sanda na gaza a kanta sai in ce al'ada ce.) Amma akwai wata bidi'a da na kwaso wajen wata Nasara da muka yi aiki tare a Yamai, wai bikin ranar haihuwa. Inna babba, surukar tawa, ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an yi wa mutum suna sau biyu ba. Ni dai na nace, na yi wa yarinya alkawari tun tana shekara huɗu. Shekarar nan haihuwar wata mata ta tsare ni a asibiti. Da ta cika biyar kuwa mantawa na yi ƙaf, sai bayan kwana tara na tuna.

Da za ta cika shida, ita da kanta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba ta son komai, raƙuman kasuwar Baleyara kawai take so ta gani, don wata ƙawarta ta ce mata sun fi ɗari. Na ce an gama. Sai aka yi katari ranar ta faɗo ran kasuwa, kuma aka ce ni zan tafi can in yi wa yaran baƙi allurar ƙyanda. Na ce kai, Allah ya haɗa mini aiki da biki a ƙwarya guda. Inna babba ta dube ni ta ce taura biyu ba ta taunuwa. Na yi kamar ban ji ba. Na saya wa yarinya sabon mayafi shuɗi mai zanen tsuntsaye, na samo ƙullin biskit da kyandir guda, muka shiga motar asibiti, Malam Idi direba ya ja mu.

Abin da na tarar a Baleyara bai faɗuwa. Layin mata ya miƙe daga gindin aduwar da muka tsaya har bayan rumfunan masu hatsi, kowacce da goyo, wata da biyu. Na shimfiɗa wa Inna ƙarama tabarma a inuwar mota, na ba ta rabin biskit ɗin, na ce ta zauna nan kada ta motsa, yanzu-yanzu zan gama mu je wajen raƙuma. Wannan yanzu-yanzun ya kai azahar, ya wuce la'asar. Sau biyu tana zuwa ta ja mini riga, sau biyu ina cewa “je ki, ina zuwa” ban ko waiwaya ba.

Can rana ta yi sanyi sai Malam Idi ya zo yana kaɗa makulli. Ya ce fitilun motar sun mutu tun satin jiya, in ba mu kama hanya yanzu ba to sai dai mu kwana a daji. Na tattara kaya a gurguje, na leƙa inuwar mota, ga mayafi shuɗi mai tsuntsaye an dunƙule cikinsa har kai ana barci. Zuciyata ta karye. Na ce baiwar Allah ta gaji da jira. Na ajiye kunyar 'yar fari gefe, na sunkuce ta na shiga gaban mota na ɗora ta a cinya. Na ji ta shafal kamar faifai, amma sai na ce a raina, ashe yarinyar nan ta rame haka ban lura ba.

Nan fa na shiga ba da haƙuri. Wallahi tun daga Baleyara nake magana ƙasa-ƙasa a kunnen mayafi. Na ce ta yafe mini, aiki ne ya yi mini yawa. Na ce wani mako zan kawo ta ta ga raƙuma har ta hau ɗaya. Na gaya mata maganganun da ban taɓa gaya mata ba tun da na haife ta, har da 'yan hawayena. Malam Idi ya kafa ido a hanya kamar kurma. (Daga baya ya ce shi ma sai da ya ji tausayi, kuma bai taɓa jin wa'azin da ya tashi a banza irin wannan ba.)

Mun kusa Tabla na ce ya ɗan tsaya, ko minti biyar ne in kunna mata kyandir ɗinta kada ranar ta wuce haka nan. Ya tsaya yana gunaguni. Na kafa kyandir a kan biskit, na kyasta ashana, na yaye mayafin ina murmushi.

Wata fuska ce daban. 'Yar yarinya ramammiya, kitsonta ba irin namu ba, jikinta zafi rau. Ta buɗe ido ta gan ni da wuta a hannu, ta ƙwalla ƙara da Zabarmanci tana kiran uwarta.

Ban san sanda ashanar ta ƙone mini yatsa ba.  Malam Idi ya leƙo, ya dubi yarinyar, ya dube ni, ya ce, “Madam, wagga ɗiyar wa ce?” Sai na hau salati.

Ya juya motar ba tare da na ce ba. Wannan komawar ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi a duniya. Kasuwa tana watsewa, muna ta cin karo da ayarin mutane, wasu a kan jakuna, wasu a ƙasa, wasu cunkushe a bayan manyan motoci. Kowace yarinya na hango sai in leƙa in dubi fuskarta. A shekarun nan mutum in ya tashi daga wuri ba ya barin adireshi, yunwa ce ke ja masa gora. Wasu Yamai za su, wasu Dosso, wasu sai sun tsallaka iyaka. Na riƙa ganin ɗiyata a bayan wata mota ana tafiya da ita inda ba wanda ya san sunan ubanta. Na tuna rijiyoyin bakin kasuwa marasa murfi. Na tuna kofaton shanu. Na tuna zan shiga gida in tsaya gaban mijina da Inna babba in ce musu me? Ga kuma ta kan cinyata tana ta kuka tana dukan ƙirjina, ita ma wata uwar tana can tana haukan nemanta, kuma ni ce ɓarauniyar. Tsoro biyu suka haɗu mini, na rasa wanda zan fara ji.

Muna isa gindin aduwar na dira kafin mota ta tsaya. Babu kowa, sai tabarmata da takardar biskit. Na saɓa yarinyar a kafaɗa na faɗa cikin kasuwa da gudu ina kira, “Inna! Inna!” To ku dubi abin: ƙatuwar mace da farar riga, kallabi ya zame, takalmi ɗaya ya tsinke, tana ihun Inna. Duk tsohuwar da ke wurin sai da ta waiwayo. Wata mai sayar da kuka ta riƙe mini hannu ta ce in yi haƙuri, uwa ba ta ɓata, in ma rasuwa ta yi Allah ya jiƙanta. Da na ga ba ci, sai na rufe ido na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga murya na kira sunan surukata tsirara a tsakiyar kasuwa: “Rabi! Rabi!” Ko a jikina. Ranar na gane kunya ta mai kwanciyar hankali ce.

Wani mahauci ne ya ce in je ofishin jami'an tsaro na jandarma, ya ga an yi can da wata mata tana kururuwa wai motar lokotoro, wato likita, ta sace mata ɗiya. Kafin in isa, jama'a sun biyo ni, ina jin ana cewa ga ta nan, ga ɓarauniyar nan, har ta dawo da abin. Wani ya ce dama an ce masu allurar nan ba don Allah suke yi ba. Wannan maganar ta fi komai tsorata ni bayan ɗiyata, don na san in ta bazu, gobe ba uwar da za ta miƙo mini hannun ɗanta.

A farfajiyar jandarma na gan su. Wata Bazabarma doguwa, zanenta duk ya koɗe, tana zaune a ƙasa idanunta sun kumbura. A gefenta, riƙe da gefen zanenta, ga Inna ƙarama tana cin gyaɗa hankali kwance. Matar ta zabura ta fizge 'yarta daga kafaɗata, ta shinshina kanta, ta duba hannu ta duba ƙafa. Ni kuwa na zube a wurin.

Da 'yar Hausarta ta ba da labari. Ta kawo yarinyar allura na ce mai zazzaɓi ba a yi mata, ta jira in gama in ba ta magani (na faɗa, na manta). Suka zauna inuwar mota. Tawa ta ga yarinya tana rawar sanyi, ta raba biskit da ita, ta cire sabon mayafinta ta lulluɓe ta. Da barci ya ɗauke marar lafiyar, matar ta tashi neman ruwa, ta ce ai ba inda ya fi gindin motar lokotoro aminci. Tawa kuma ta bi ta tana roƙo, har ta biya da ita ta kasuwar dabbobi.

Shugaban jandarman wani mai gashin baki ne, yana ta danne dariya amma ya ɗaure fuska. Ya ce shi bai san ni ba, kuma matar da ta ɗauki ɗiyar wani ta kusa kai Tabla da ita ba ta gane ba, ba zai miƙa mata wata ɗiyar haka kawai ba. Ya durƙusa gaban yarinyar, gaban jama'ar da suka cika ƙofa, ya ce, “Ke ɗiyata, duba da kyau. Wace ce uwarki a nan?”

Ta ɗago ta dube ni. Ta dubi Bazabarmar. Ta sake dubana. Wallahi shirun nan bai fi na haɗiyar gyaɗa ɗaya ba, amma na tsufa a cikinsa. Sannan ta nuna ni da ɗan yatsa ta ce, “Waccan ce, mai warin magani. Amma yau tana aiki. Wannan ce ta kai ni na ga raƙuma.”

Jama'a suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Na so ƙasa ta tsage in shige. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa, sai ranar na san da abin da ɗiyata take gane ni. Ita ta san ni da wari, ni kuwa na san ta da mayafi.

A Baleyara muka kwana, gidan wata ungozoma, don mota ba fitila. Na duba 'yar Bazabarmar na ba ta magani, da safe zazzaɓin ya sauka, muka bar mata mayafin, tunda dai ya riga ya zaɓi mai shi. Kafin mu iso Filingue labari ya riga mu, masu motocin kasuwa sun kai shi har da ƙarin gishiri. Inna babba tana zaune a tsakar gida tana tsince wake. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jawo takwararta ta zaunar a cinya, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Kunyar 'yar fari aka ce a yi, ba a ce a manta kamanninta ba. Na kuma ji an sha kiran sunana a kasuwa. Lafiya dai?”

Makon da ya biyo na ɗauki hutun yini guda, karo na farko a shekara biyu, kuma asibitin bai rushe ba. Na zaunar da ita na ce zan maimaita mata maganganun da na yi a mota. Ta ce a'a, ai na riga na ba wata, ita dai in yi mata kitso. Na yi mata, ina kallon ƙeyarta da 'yan kunnuwanta kamar yau aka haifa mini ita.

Yanzu ita ma ta yi jikoki, amma duk shekara in ranar ta zagayo sai ta zo gidana ta tsaya a bakin ƙofa ta yaye mayafi ta ce, “Madam, a duba da kyau, ni ce?” Ni kuwa tun daga ranar, ko kaza zan ɗauka daga kasuwa sai na buɗe kwando na dubi fuskarta.